Likitan Gashin Ƙashi Da Aikinsa

Duk wanda ya taɓa halartar wasannin gidaje na makaranta ya san ba a rasa wanda za a ɗauko daga fili a kafaɗa. Wani ya taka rami yana gudu ƙafarsa ta gurɗe, wani ya dira ba daidai ba a wajen tsalle, wani kuma an taɗe shi a filin ƙwallo ya faɗi a kan hannunsa. Nan da nan sai ka ga an kewaye shi, kowa ya zama likita. Wannan ya ce a ja ƙafar, wancan ya ce a kawo ruwan zafi, wani kuma ya ruga neman man zafi. Haka kuma in mun koma gida hutu mukan tarar da baba yana dafa ƙugu kafin ya miƙe, ko kaka tana cewa gwiwa ta hana ta zuwa kasuwa. Akwai ma'aikacin asibiti wanda aka horar musamman domin irin waɗannan ciwace-ciwace, amma da yawa daga cikinmu ba mu san da shi ba. Shi ne likitan gashin ƙashi, wanda ma'aikatan asibiti ke kira likitan fisiyo. Nufin wannan bayani shi ne mu san ko wane ne shi, abin da yake yi, da kuma lokacin da ya kamata a neme shi.

Yadda jikinmu ya ginu

Kafin mu gane aikin mai gyara, sai mun san abin da yake gyarawa. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa, da tsokoki fiye da 600. Inda ƙashi biyu suka haɗu shi ne gaɓa. Wata gaɓar tana buɗewa da rufewa kamar ƙyaure, misali gwiwa da gwiwar hannu. Wata kuwa tana juyawa ta kowane gefe kamar taɓarya a cikin turmi, misali kafaɗa da kwatangwalo.

A bakin kowane ƙashi, inda yake gogar ɗan'uwansa, akwai guringuntsi, watau farin abin nan mai santsi da muke taunawa a ƙarshen ƙashin kaza. Cikin gaɓar kuma akwai ɗan ruwa mai yauƙi wanda ke yi mata aikin da mai ke yi wa sarƙar keke. Abin lura a nan shi ne, guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Daga wannan ruwa yake samun abincinsa. In an taka ƙafa sai ya matse, in an ɗaga sai ya tsotsi ruwan, kamar soso. Ashe ke nan gaɓar da ba ta motsi yunwa take ji. Mai karatu ya riƙe wannan magana, gama ita ce tushen aikin gashin ƙashi.

A Hausa muna da kalma ɗaya, jijiya, wadda muke kiran abubuwa huɗu dabam da ita. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa sassan jiki ta kuma komo da labarin zafi ko sanyi. Akwai wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, kamar agara da ke bayan dunduniya. Akwai kuma wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi domin kada gaɓa ta goce. Saboda haka in mutum ya ce yana ciwon jijiya, bai riga ya faɗi abin da ke damunsa ba tukuna. Aikin likita na farko shi ne ya gano wacce ce daga cikin huɗun, domin maganin kowacce dabam ne.

Tsoka kuwa tana da hali guda: in an sa ta aiki sai ta yi ƙarfi, in an bar ta sai ta rame. Wanda aka taɓa sa wa filasta a hannu ya ga wannan da idonsa. Ranar da aka cire, hannun ya zama siriri, gaɓar kuma ta sandare, ko da yake ƙashin ya riga ya haɗe.

Daga ina wannan aiki ya samo asali?

Tausa da gashi ba baƙin abubuwa ba ne a wurin kowace al'umma. Iyayenmu mata sun daɗe suna gasa wa jariri cibiya, suna kuma matsa wa wanda ya gaji jiki. Amma mai da abin ya zama ilimi wanda ake koyarwa a makaranta, a Turai aka fara. A shekarar 1813 wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Per Henrik Ling ya kafa makarantar koyar da motsa jiki, har da motsa jiki domin magani. A 1894 wasu mata huɗu masu aikin jinya a Ingila suka kafa ƙungiyar masu tausa waɗanda suka sami horo, ita ce daga baya ta zama ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasar.

Abubuwa biyu ne suka ɗaukaka aikin a ƙarni na ashirin. Na ɗaya yaƙe-yaƙen duniya biyu, waɗanda suka bar dubban sojoji da raunuka. Na biyu cutar shan inna. A lokacin da ake ɗaure ƙafafun yaran da cutar ta kama a hana su motsi, wata mai jinya 'yar Ostireliya, Elizabeth Kenny, ta dage a kan a riƙa gasa su da tsumma mai ɗumi ana kuma motsa su. A 1951 aka kafa ƙungiyar likitocin fisiyo ta duniya, shi ya sa ake tunawa da wannan aiki kowace ranar 8 ga Satumba.

A Nijeriya kuwa aikin ya fara a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, inda Turawan Ingila biyu, Miss Manfield da Mista Williams, suka riƙa kula da sojojin da suka komo daga yaƙin Bama da raunuka. A 1959 aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano, a wannan shekara kuma aka kafa ƙungiyar likitocin fisiyo ta Nijeriya. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a wannan fanni a 1966. A 1988 gwamnati ta yi dokar da ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista, domin a bambanta wanda ya koya da wanda ya ɗora wa kansa. A yau akwai sashen gashin ƙashi a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Jos, Maiduguri da Sakkwato, da manyan asibitocin jihohi da dama.

Abin da ake yi a ɗakin gashi

Sunan da Hausawa suka ba wannan aiki ya sa mutane da yawa suna tsammani kunna wa mutum jar fitila kawai ake yi a gasa wurin. Gashi ɗaya ne daga cikin kayan aikin, ba shi ne babba ba ma.

Ranar da mutum ya fara zuwa, tambaya ce ke cin lokaci. Yaushe ciwon ya fara? Faɗuwa ka yi ko haka kawai ya zo? Da safe ya fi tsanani ko da yamma? Me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi? Wace sana'a kake yi? Yana hana ka barci? Daga nan sai likita ya ce ka yi tafiya yana kallo, ka zauna, ka tashi, ka sunkuya. Zai auna iyakar inda gaɓar ke iya lanƙwasuwa da wani ma'auni mai kama da abin auna kusurwa na cikin akwatin lissafinmu. Zai gwada ƙarfin tsokoki yana kwatanta dama da hagu, ya kuma duba ko akwai inda ba ka jin taɓi. In ya ga alamar da ta fi ƙarfin aikinsa, sai ya tura ka hoto ko wurin likitan ƙashi.

Bayan ya gane matsalar sai ya tsara magani. Babban maganinsa shi ne atisaye, watau motsa jiki wanda aka auna domin wannan mutum da wannan ciwo. Akwai na ƙara wa tsoka ƙarfi, akwai na miƙar da wadda ta takure, akwai na buɗe gaɓar da ta sandare, akwai kuma na koya wa ƙafa tsayawa daram. Yana amfani da hannunsa wajen tausa da motsa gaɓa a hankali. Yana sa zafi domin tsoka ta saki, ko ƙanƙara domin rage zugi da kumburi. Akwai na'urar da ke aika ɗan lantarki mai rauni ta fata, wadda kan rage wa wasu zafi na ɗan lokaci. Yana kuma auna wa mutum sanda ko sandunan guragu daidai tsawonsa, ya koya masa tafiya da su.

Zafi da tausa da na'ura suna da daɗi, amma sauƙin da suke kawowa ba ya daɗewa. Amfaninsu shi ne su buɗe wa mutum hanya ya iya yin atisayen. Wanda ke zuwa asibiti sau biyu a mako ya kwanta a gasa shi, in ya koma gida ba ya yin aikin da aka ba shi, ya yi kama da ɗalibin da ke shiga aji amma ba ya buɗe littafi sai ranar jarrabawa.

Targaɗe

Wannan shi ne ciwon da ya fi samunmu a makaranta. Yawancin targaɗen idon sawu yana faruwa ne in tafin ƙafa ya juya ciki, sai jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar ta gefen waje su miƙe fiye da kima ko su yage. Ƙananan hanyoyin jini suna fashewa a wurin, shi ne kumburin da muke gani.

To, a nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Ruwan zafi yana buɗe hanyoyin jini, saboda haka a kwana biyun farko ƙara kumburi yake yi. Jan ƙafar da murza ta da ƙarfi kuwa ƙara yaga abin da ya riga ya yage ne. Abin da ya kamata shi ne a fitar da mutum daga wasa nan take. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan 'yan sa'o'i. In babu ƙanƙara, tsumma da ruwan randa ya fi babu. A naɗe wurin da bandeji ba tare da an matse ba, a ɗaga ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu. In mutum bai iya yin taku huɗu a kan ƙafar ba, ko kuwa ƙashin kansa ke zafi in an danna, sai a kai shi a ɗauki hoto, gama wataƙila karaya ce.

Bayan kwana biyu ko uku sai a fara motsi: juya ƙafar a hankali, taka ta gwargwadon yadda za a iya jurewa, daga baya tsayawa a kan yatsu. Akwai wani atisaye mai sauƙi wanda mutane ke rainawa, watau tsayawa a kan ƙafa ɗaya, da farko ido buɗe, daga baya a rufe. Dalilinsa shi ne, jijiyoyin gaɓa suna sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka ƙasa, targaɗe kuwa yana ɓata wannan saƙo. In ba a sake koya wa ƙafar ba, sai ta riƙa gurɗewa a kai a kai. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa guda kowane zango ƙafa ɗaya ce ke kayar da shi. Ƙaramin targaɗe kan warke cikin mako biyu ko uku, babba kuwa yakan ɗauki watanni.

Ciwon baya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu wani ciwo da ya kai shi nakasa mutane a duniya. Ba sai an gaya mana ba. Manomi yana yini a sunkuye da fartanya, uwa tana shara da gajeriyar tsintsiya da goyo a baya, tela da direba da ɗan acaba suna yini a zaune, ɗan dako kuwa buhu ne a kansa.

Ƙashin baya ba sanda guda ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sai waɗanda suka manne a ƙasa. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi da ke shanye girgiza. Wani lokaci faifan kan bullo ya danne jijiya, sai mutum ya ji zafi yana sauka ta ɗuwawu har zuwa ƙafa kamar jan lantarki. Amma wannan ba shi ne ya fi yawa ba. Cikin masu ciwon baya goma, kimanin tara ba a samun wani abu guda da ya lalace wanda za a nuna a ce ga shi. Yawancinsu kuma suna samun sauƙi cikin mako shida. Har ila yau, an sha ɗaukar hoton mutanen da ba sa jin ciwon komai a ga faifansu ya bullo. Saboda haka kada takardar hoto ta sa mutum ya ɗauka bayansa ya gama aiki.

A da akan ce mai ciwon baya ya kwanta a kan katako mako biyu. Yanzu an gane cewa doguwar kwanciya tana ƙara ciwon, domin tsokoki suna ramewa, tsoro kuma yana shiga zuciya. Kwana ɗaya ko biyu ya isa, daga nan sai a tashi a riƙa tafiya kaɗan kaɗan. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari game da ciwon baya wanda ya daɗe. Ta goyi bayan atisaye da wayar wa mai ciwo kai, ta kuma ce kada a dogara ga ɗamarar baya, ko na'urar jan baya, ko ƙwayoyi masu sa maye. Likitan fisiyo zai ƙarfafa tsokokin ciki da na baya da na ɗuwawu, ya kuma duba yadda mutum ke aikinsa: a ƙara wa tsintsiya tsawo, a ɗora bahon wanki a kan benci, a matso da kaya kusa da jiki kafin a ɗaga, a raba babban kaya gida biyu, mai dogon zama kuma ya riƙa miƙewa kowane rabin sa'a.

Gwiwar tsofaffi da kafaɗar da ta sandare

Abin da kakanninmu ke kira sanyin ƙashi, sau da yawa guringuntsin gwiwa ne ya sirance, gaɓar kuma ta canja. Yawan shekaru, ƙiba, gado da tsohon rauni duk suna kawo shi. Mai shi yakan ji gwiwa ta riƙe da safe ko bayan dogon zama, tana ƙara in ya durƙusa, hawan tudu kuma ya zama wahala.

Mutane sukan ce tun da gwiwar ta cinye, gara a daina tafiya a adana abin da ya rage. Mu tuna abin da muka faɗa tun farko: guringuntsi da motsi yake ci. Tsokar gaban cinya kuma ita ce ke tallafar gwiwa. In ta yi ƙarfi sai ta ɗauke wa gaɓar kaya. Ga misalin abin da akan koya wa tsoho: ya zauna a kujera ya miƙe ba tare da dafawa ba sau goma, ko ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙafa a miƙe ya ƙirga biyar kafin ya sauke. Ɗan zafi a lokacin atisaye ba laifi ba ne muddin ya kwanta kafin washegari. Rage ƙiba ma magani ne, gama masu bincike sun auna cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Mai riƙe sanda kuma ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, watau in gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu. Atisaye ba ya mayar da gwiwar tsoho ta yaro, amma yana rage zafi ya bar mutum da ƙafafunsa. In abin ya yi tsanani ƙwarai, likitocin ƙashi suna iya sa gwiwar ƙarfe, bayan aikin kuma likitan fisiyo ne zai sake koya wa mutum tafiya.

Akwai kuma sandarewar kafaɗa, wadda ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, musamman masu ciwon sukari. Mace ta kasa ɗaura ɗankwali, namiji ya kasa sa hannu a aljihun baya. Takan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku. Ba a fizgar irin wannan kafaɗa. Da lallashi ake buɗe ta, yau kaɗan gobe kaɗan.

Mai ɗori da mai kemis

Ba za a yi wannan magana a tsallake masu ɗori ba, domin a ƙauyuka da yawa su ake fara nema. Suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, mutane kuma sun amince da su. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin jiki, kuma akwai haɗari guda wanda kowane ɗalibi ya kamata ya sani.

A ce yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a saman gwiwar hannu. An jera kara an ɗaure tamau. Hannun yana ci gaba da kumbura a cikin ɗaurin, ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini. Tsokar da ta rasa jini tana fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Yaron yana kuka dare farai ana ce masa ya yi haƙuri ɗori ne ke kamawa. Bayan kwanaki sai yatsu su ƙandare har abada, ko hannun ya yi baƙi ya ruɓe a kai asibiti a yanke. Karayar da za ta warke cikin 'yan makonni ta zama sanadin rasa hannu. Saboda haka in ka ga an ɗaure wa ƙanenka hannu ko ƙafa, ko da filastar asibiti ce, ka duba yatsunsa. In sun kumbura, sun yi sanyi, sun canja launi, ba ya jin taɓi, ko zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, a sassauta ɗaurin a tafi asibiti a wannan sa'a, ba gobe ba. Ka faɗa wa manya cikin ladabi, amma ka faɗa. Bayan an kwance kuma, kada a bari wani ya riƙa jan gwiwar hannun yaro da ƙarfi wai don ta miƙe, gama hakan na iya sa ta ƙara sandarewa.

Na biyu shi ne haɗin ƙwayoyi da ake ƙulla wa mutane a leda a kemis ko a tasha da sunan maganin gajiya. Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac suna da amfani na 'yan kwanaki, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana kuma lalata ƙoda. Wasu haɗin suna ɗauke da dexamethasone ko prednisolone, masu kumbura fuska, su ta da sukari da hawan jini, su kuma raunana ƙashi. Tramadol kuwa mun ga yadda ya mai da samari bayi. Haka nan allurar da wanda bai ƙware ba ya yi wa yaro a ɗuwawu tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaron ya koma jan ƙafa. Irin waɗannan yara suna cikin waɗanda ake kaiwa ɗakin gashi, kuma wanda aka kai da wuri ya fi samun sauƙi.

Alamun da ba a jira da su

Ba kowane ciwon gaɓa ne na gashi ba. A tafi wurin likita ba tare da ɓata lokaci ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Gaɓa ta kumbura ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, musamman ga yaro.
2. Ciwon baya tare da rama, gumin dare ko doguwar tari, ko wani ƙullutu ya fito a ƙashin baya, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya.
3. Ƙafafu suna mutuwa, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi.
4. Ciwon da ya biyo bayan haɗarin mota ko faɗowa daga sama. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko baya, kada a naɗe shi a cusa a mota, a ɗauke shi a miƙe a kan abu mai ƙarfi.
5. Ciwon kwatangwalo da ɗingishi ga mai cutar sikila.

A lura kuma, mai sikila ba a sa masa ƙanƙara, domin sanyi yana tayar masa da ciwo. Mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai kuma ba a gasa masa da ruwan zafi, gama zai ƙone bai sani ba.

Abin da ɗalibi zai yi

Rigakafi ya fi magani. Kafin a shiga wasa a ɗan yi sassarfa na minti goma jiki ya ɗumama. Kada wanda ya yi wata uku bai yi gudu ba ya tashi rana ɗaya ya ce zai ciyo wa gidansu kofi. A fara shiri makonni kafin lokaci, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. A cike ramukan fili kafin ranar wasa. Jakar littattafai a rataya ta a kafaɗu biyu, bokitin ruwa kuma a riƙa sauya masa hannu. Kan mutum ya kai nauyin kilo biyar, saboda haka wanda ya daɗe a sunkuye kan littafi ko waya wuyansa ne ke biya. Ya riƙa ɗagowa yana miƙewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro da matashi su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, manya kuma aƙalla minti 150 a mako.

Ga masu tunanin abin da za su karanta bayan sun gama, wannan fanni ne da ke neman ma'aikata. Ana koyar da shi a jami'o'i da dama, har da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri. Ana bukatar sakamako mai kyau a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Karatun yana ɗaukar shekara biyar ko shida, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Aikin bai tsaya ga ciwon gaɓoɓi ba. Su ne ke kula da masu shanyewar ɓarin jiki, da yaran da suka makara wajen zama da tafiya, da waɗanda aka yanke wa ƙafa, da 'yan wasa, da kuma waɗanda shan inna ta riga ta nakasa kafin a tabbatar a 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Ana bukatar mata ƙwarai, domin iyayenmu mata da yawa sun fi sakin jiki in 'yar'uwarsu ce za ta duba su. Amma aiki ne na mai haƙuri, gama wani majinyacin sai an yi wata shida ana fama kafin ya iya kai loma bakinsa da kansa.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa ɗalibai, abin da muka koya a makaranta ba na jarrabawa kaɗai ba ne. In an tashi hutu, ka lura da yadda baba ke miƙewa, ka tambayi kaka yaya gwiwa. Ka ƙara wa tsintsiyar inna tsawo, ka duba yatsun ƙanenka in an yi masa ɗori, ka kuma gaya wa mai ciwon da ya daɗe cewa in ya je babban asibiti ya tambayi inda sashen gashin ƙashi yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaɓa ma tun ba ta sandare ba ake nema mata magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma kai mu wata shekarar da ƙafafunmu.